Wane sauyi ne ya riga wani? Amsa ga mai ƙirƙirar harshe daga dangin Jamanik

Tambaya: Malam, barka da war haka. Ina rubuta wani labari a kan mutanen da suka taso daga gaɓar Tekun Arewa, wajen arewacin Jamus da kudancin Danmak na yau, a shekara ta 450 Miladiyya, suka zauna a wani tsibiri da na ƙirƙira, ba su ƙara haɗuwa da 'yan'uwansu ba. Ina so in yi musu harshe, har na raɗa masa suna Tsibiranci. Ga sauye-sauyen da na tsara: k ta koma c kafin i da e, wasalin i na ƙarshen kalma ya ja wasalin saiwa zuwa gare shi, wasulan ƙarshe su zube, dogon u ya koma au, dogon i ya koma ai, sannan kowace b ta koma m, ban da ta kalmar ɗan'uwa, don ina son ta yadda take. Damuwata biyu ce. Duk abin da na fitar sai ya yi kama da Ingilishin da aka ɓata wa rubutu. Kuma ban sani ba ko sai na faro daga dokar Grimm.

Amsa: Ƙanena, barka kadai, sannu da ƙoƙari. Wannan tambaya ta yi mini daɗi ƙwarai, domin na daɗe ina koyar da tarihin harshe, kuma ban ga abin da ke sa ɗalibi ya gane sauyin sauti kamar ya zauna ya gina harshe da hannunsa ba. Huɗu daga cikin sauye-sauyenka biyar ba su da abin cewa, duk sun taɓa aukuwa a bakin mutane na gaske a cikin dangin nan da ka zaɓa. Inda gizo ke saƙar shi ne ka jero su kamar kayan tireda, ba ka faɗi wanda ya riga wani ba. Sauyin sauti yana da zamaninsa. Yakan taso, ya bi ta kan duk kalmar da ya tarar, sannan ya mutu, kalmar da ta iso bayan mutuwarsa kuwa ta tsira. Saboda haka ko doka biyu ce kawai, in ka juya wadda ta fara da wadda ta biyo, harshe biyu daban za ka samu. Tsibirancinka ya ɗauko kamannin Ingilishi ne don ka bi da dokokin ta layin da Ingilishi ya bi, ba tare da ka lura ba.

Bari in fara sallamar tambayarka ta biyu, don ta fi sauƙi. Ba sai ka faro daga dokar Grimm ba, domin mutanenka sun gaje ta ne, ta gama aikinta tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma ya kamata ka san ta. Ga masu karatu da ba su saba ba, Jamanik sunan dangi ne, Jamusanci ɗa ne ɗaya a cikinsa, tare da Ingilishi da harsunan Holan da Suwidin da Danmak da Nowe da Aisilan, da Afirkans na Afirka ta Kudu, da Gotik wanda ya mutu. Abin da ya fara ware wannan dangi daga sauran harsunan Indo-Turai shi ne wani gagarumin gocewar baƙaƙe, wanda Rasmus Rask na Danmak ya hango a 1818, Jacob Grimm ya tsara shi a 1822. Tsayau marasa ziza, wato baƙaƙen da ake tare iska a furta su ba tare da maƙogwaro ya kaɗa ba, p da t da k, suka koma zuzau, masu fita da gogar iska: f, da þ, da h. Harafin þ ɗin nan sautin ث ne na masu tajwidi, harshe tsakanin haƙora. Shi ya sa Latin ke da pater, piscis, tres, cornu, Ingilishi kuma father, fish, three, horn. Masu ziza b da d da g suka matso suka zauna a gurbin da aka bari, suka zama p da t da k: Latin decem da genu, Ingilishi ten da knee. Sannan bh da dh da gh suka zama b da d da g: Sanskirit, tsohon harshen Indiya, bhrātar, Ingilishi brother.

Sai dai akwai kalmomin da suka ƙi bin wannan doka, kuma labarinsu shi ne darasin da na fi so ka riƙe. Uba da ɗan'uwa duk t ce a tsakiyarsu tun asali, kamar yadda Latin pater da frater suka nuna. Amma a Gotik fadar ne da broþar, a tsohon Ingilishi fæder da brōþor, a Jamusancin yau Vater da Bruder. Fiye da shekara 50 ana cewa ai kowace doka da togaciyarta. A tsakiyar shekarun 1870 Karl Verner, shi ma mutumin Danmak, ya duba Sanskirit ya ga cewa a kalmar uba gaɓar ƙarshe ake dannawa, a kalmar ɗan'uwa kuwa ta farko. Ashe doka ta biyu ce ta biyo bayan ta Grimm: ban da na farkon kalma, duk zuzau da ba gaɓar da ake dannawa ce ta zo daf kafinsa ba, sai ya sami ziza. Bayan nan sai dannawar ta tattara ta koma gaɓar farko a kowace kalma, dalilin ya ɓace, tabon ya zauna. Har yau ana ganin tabon a was da were na Ingilishi: s ta zama z, daga baya z ta zama r. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan binciken ne ya ƙarfafa wa malaman birnin Laifzig na Jamus gwiwa, irin su Brugmann da Osthoff, suka fito a 1878 suka ce dokar sauti ba ta da togaciya.

Komawar dannawa gaɓar farko ita ce injin da ke tuƙa duk tarihin Jamanik, kuma mu Hausawa sai mun yi da gaske muke jin ƙarfinta, domin namu harshen karin sauti ne, kowace gaɓa tana tsaye da wasalinta. A can kuwa gaɓar farko ta zama babbar yaya mai cinye abincin ƙanne. Ka dubi wannan. A Gallehus, a kudancin Jutlan ta Danmak, kusa da inda mutanenka suka taso, an tono ƙahoni biyu na zinari, ɗaya a 1639, ɗaya a 1734, waɗanda aka ƙera wajen shekara ta 400. An sace su a 1802 aka narkar, amma an riga an zana rubutun da ke bakin ƙaramin: ek hlewagastiz holtijaz horna tawido, wato "ni Hlewagastiz na Holt na ƙera ƙahon nan". Kalmar baƙo tana nan a cikin sunan da jelarta cif, gastiz. A Jamusancin yau Gast ce, gaɓa ɗaya. Kalmar horna ta koma horn. Mutanen Finlan, waɗanda harshensu ba na dangin ba ne, sun ari kalmar sarki tun da can, suka adana ta kamar a cikin tulu: har gobe kuningas suke cewa, alhali masu ita sun gutsure ta ta koma king. Kalmar lord ma hlāfweard ce a da, mai tsaron gurasa. Don haka dokarka ta zubar da wasulan ƙarshe tana kan turba.

Abin da za ka loda wa mutanenka a jirgi a 450 ke nan: dokar Grimm, da ta Verner, da dannawa a gaɓar farko, da z da ta zama r, da ruɓanya baƙi kafin j (y ɗinmu ce) irin na reshen yamma na dangin, inda Ingilishi da Jamusanci suke, wanda ya sa Gotik satjan ta dace da tsohon Ingilishi settan. Akwai guda da zaɓi ya rage gare ka. Mutanen gaɓar Tekun Arewa sun zubar da ɗan hanci kafin f da þ da s, suka tsawaita wasali, abin da ya ba da goose, five, us, mouth, inda Jamusanci ke da Gans, fünf, uns, Mund. In kana son nesanta da Ingilishi, ka ce naka sun taso daga ƙauyen da wannan sauyi bai kai ba.

To, yanzu ga ainihin maganar. (Tauraro a goshin kalma yana nufin ba a same ta a rubuce ba, masana ne suka sake gina ta.)

Ɗauki dokokinka biyu na farko. Ta farko ita ce muke kira ganɗantawa, ba baƙuwa ba ce a wurinmu: mota da motoci, kaza da kaji, ƙasa da ƙasashe, ɓarawo da ɓarayi. Ta biyu naso ne na wasali, Jamusawa suna ce masa umlaut: in i ko j na gaɓa ta gaba, sai harshe ya yi riga malam masallaci, ya fara matsowa tun yana wasalin saiwa, a ta zama e, u ta zama ü, wato i da aka zumɓura wa leɓe. Ga kalma biyu, *kinn, haɓa, da *kussjan, sumbata. A Ingilishi ganɗantawa ce ta fara. Ta tarar da i a *kinn, ta ba da chin. Ta zo kan *kussjan ta ga u, ta wuce abinta. Bayan ta mutu sai naso ya zo ya mai da u ɗin ü, can daga baya ü ta koma i, aka sami kiss da k ɗinta garau, kafin i, ba mai taɓa ta. Haka king da kin da kitchen suka tsira, cheese da chin kuwa suka faɗa. A Suwidin abin ya juya. Naso ya riga, ganɗantawa ta zo a makare, ta tarar da sababbin wasulan gaba suna zaune, ta haɗa da su. Suna rubuta kyssa, amma abin da ke fita a bakinsu ya fi kusa da sh ɗinmu. Dokokin iri ɗaya ne, layin ne ya bambanta.

Haka naso da zubewar wasalin ƙarshe. Ɓera *mūs ne, jam'insa *mūsi. In naso ya riga, *mūsi ta zama mǖsi, sannan i ta zube, a bar mǖs. Jelar ta tafi, amma ta bar sawunta a cikin saiwa, kuma daga nan mouse da mice, foot da feet, man da men suka fito. In kuwa zubewa ce ta riga, tilo da jam'i duk mūs za su koma, sai masu harshen su nemo sabon ɗafi su liƙa, don mutane ba sa jure rashin bambanta ɗaya da da yawa. Jamusanci ya nuna abin a cikin kalma guda. Gajeren i na tilon baƙo ya zube kafin naso ya iso, na jam'i kuwa ya daɗe har nason ya same shi, aka sami Gast da Gäste. A tsohon harshen Nos, na kakannin mutanen Nowe da Aisilan, nason ya cim ma tilon ma, gestr. Gotik, wanda Wulfila ya fassara Baibul da shi a ƙarni na 4, bai san naso ba sam.

Zo mu gwada da Tsibiranci. Layin Ingilishi shi ne: ganɗantawa, naso, zubewa, ü ta koma i, sannan tsakanin wajen 1400 da 1700 dogayen wasula su goce, ū ta zama au, ī ta zama ai. In ka bi wannan, *mūsi za ta bi ta mǖs da mīs ta ƙare a mais, ka ga Ingilishi sak. Yanzu kar ka ƙara ko doka ɗaya, juya layin kawai. Naso a fara, wajen 600. Zubewa ta biyo, wajen 750. Wajen 1000 ū ta zama au, ī ta zama ai, amma ǖ ba ta cikinsu don ba ita aka kira ba. Wajen 1150 ǖ ta saki leɓe ta zama ī, ta shige gurbin da tsohuwar ī ta bari. Ganɗantawa a ƙarshe, wajen 1300. Ɓera ya zama maus, jam'i mīs. Gida *hūs ya zama haus, nawa *mīn ya zama main. Sarki *kuning ya bi ta küning da kining ya zama cining. Wadda ta fi burge ni ita ce saniya. A tsohon Ingilishi cū ce, jam'i cȳ, c ɗinsu kuwa k ake furta ta a nan. A Tsibiranci tilo zai zama kau, jam'i ya bi ta kǖ da kī ya tsaya a cī. Kau da cī: babu harafi ɗaya da suka haɗa, amma kowane taki tsakaninsu kana iya nuna shi da yatsa. Irin wannan kalma ce ke sa harshen ƙirƙira ya yi warin tsufa, kuma ba a samun ta da yayyafa baƙin jam'i da gangan, sai an bar dokoki sun yi aikinsu ido rufe.

Tunda kai Bahaushe ne, akwai kyautar da nake so in ba ka daga gida. Wata rana ina aji, wani ɗalibina mutumin ƙasar Sakkwato ya makara, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, in shigo in zamna?" 'Yan aji suka kwashe da dariya, wani daga baya ya maimaita "zamna" da ƙarfi. Na ga yaron ya sunkuyar da kai, ya ƙanƙame littafinsa a ƙirji. Na ce ya shigo, na ajiye darasin ranar, na ɗauki alli na rubuta a allo: zamna da zauna, sabka da sauka, amre da aure. Na tambaye su wace ce uwa, wace ce 'ya. Suka ce ai ta Kano ce daidai. Sai na rubuta talaka, na ce su ba ni sunan halin. Suka ce talauci. Na ce ina k ɗin ta tafi? Aji ya yi tsit. Na ƙara musu ɓauna da ɓakane, farke da fatake. Can wata ɗaliba a layin gaba ta ce a hankali, "Malam, ke nan tasa ce tsohuwar." Yaron nan ya ɗago kai.

Abin da suka gano shi ne dokar Klingenheben, sunan wani masani Bajamushe, August Klingenheben, da ya bayyana ta a ƙarshen shekarun 1920. A tsohuwar Hausa baƙin da ya rufe gaɓa ya yi laushi: 'yan hanɗa irin su k suka koma u, irin su t suka koma r, 'yan leɓe kuma suka koma u a karin gabas kaɗai, shi ya sa yamma ta riƙe zamna da sabka. A jam'i irin ɓakane da fatake wasali ya shiga tsakani, baƙin bai rufe gaɓa ba, sai ya tsira.

Ka ba Tsibiranci irin wannan doka wajen 1400: g da b in sun rufe gaɓa su koma u. Ba bare ba ce a dangin, domin ta irin wannan laushin ne Ingilishi ya sami fowl inda Jamusanci ke da Vogel, da hawk inda yake da Habicht. Rana *dag ce, jam'i *dagōs. Za ka sami dau da dagos. Sanda *stab ta zama stau, jam'i stabos. Hanya *weg ta zama weu, jam'i wegos. Tsuntsu *fugl ya zama fūl, kuma tunda gocewar ū ta mutu tun shekara 400 da suka wuce, a haka zai zauna, ba zai zama faul ba. In kana son tsibirin ya yi rai sosai, ka tsayar da rabin dokar a bakin wani kogi ko dutse, mutanen yammacin tsibirin su ci gaba da cewa stab, na gabas suna yi musu dariya. Haka abin yake a Jamus ma. Gocewar baƙaƙe ta biyu, wadda ta ba da Wasser da Apfel da machen inda Ingilishi ke da water da apple da make, ta fi ƙarfi a kudu, tana raguwa in ana yin arewa, har ta tsaya a layin da ya ratsa ta Benrath a gefen Dusaldof. Mutanen Kolon sun karɓi ta kalmar machen, amma har yau Appel da dat suke cewa.

Saura dokarka ta biyar, kuma a nan zan ɗan ja maka kunne. Kowace b ta koma m a ko'ina, ba tare da wani dalili a maƙwabtanta ba, abu ne da ban yarda da shi ba a wannan dangi. Sauti yakan ɗauki hanci ne in yana jingine da mai hanci. Kafin n, eh, ya faru: harshen Suwidin yana da hamn da jämn inda Ingilishi ke da haven da even. In ka taƙaita dokar a nan, na sa hannu. Amma batun a bar kalmar ɗan'uwa don kana son ta, wannan ba ya yiwuwa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Dokar sauti ba ta san ma'ana ba, ba ta san kalmar da marubuci ke ƙauna ba, sauti take gani da abin da ke kewaye da shi.

Hanya biyu ce halastacciya in ka nace. Ta farko ka sa sharaɗi: b kafin r ba ta motsi. Irin wannan kariya sananniya ce. Dokar Grimm ba ta taɓa p da t da k bayan s ba, shi ya sa Latin stare da Ingilishi stand duk st ne, kuma gocewar Jamus ta biyu ta tsallake tr, treu da true. Sai dai fa in ka ceci ɗan'uwa ta wannan hanya, ka ceci gurasa da gada da faɗi da kawowa tare da shi, duk wata kalma mai br. Ta biyu ka ce an aro kalmar daga karin da dokar ba ta kai ba. Ingilishi yana da fox amma macensa vixen, don an ɗauko ta daga karin kudu inda f ta farko ta zama v. Wannan yana bukatar dalili a cikin labarinka: wataƙila limaman tsibirin daga wancan yanki suke, su ne ke kiran juna ɗan'uwa, sai furucinsu ya bi gari.

Kalmomin aro ma agogo ne a hannunka, ka yi amfani da su. Jamusanci ya ari piper da strata da tegula daga Latin da wuri, gocewa ta same su a gida, suka zama Pfeffer da Straße da Ziegel. Papier ta zo bayan an tashi kasuwa, p ɗinta na nan. Haka tebur da titi da asibiti suka shigo Hausa da t kafin e da i, ba wanda ya ce cebur. Ingilishi ma yana da shirt tasa ta gado da skirt da ya karɓa daga mutanen Nos, asalinsu ɗaya. In jirgin 'yan kasuwa ya taɓa tsibirinka a 1200, kalmominsu masu ki za su koma ci. In a 1500 ya zo, za su zauna da ki, mai karatu mai ido kuma zai iya sanin shekarun zuwan baƙi daga bakin mutane kawai.

Abu ɗaya da ke yi wa dokokin sauti gyara a baya shi ne yara. Yaro ba ya gadon tarihi, abin da ya ji yake kwaikwaya, in ya ga yawancin kalmomi suna jam'i ta hanya ɗaya sai ya ja sauran zuwa can. Jam'in littafi a tsohon Ingilishi bēc ne, an watsar an ce books. Jam'in saniya ma ya koma cows. Jamusanci ya daidaita was da waren suka zama war da waren, harshen Holan kuwa ya bar su yadda suke. Kalmomin da ake faɗa kullum su ne ke tsira da tabonsu, don yaro yana jin su tun kafin ya koyi ƙa'ida: ƙafa, haƙori, mutum. Don haka bayan ka gama tura kalmominka ta cikin dokoki, ka zauna ka tace. Mutanen tsibiri makiyaya ne? To kau da cī za su rayu. Sanda kuwa mai yiwuwa jikoki su ce stau da stauos, tsofaffi kaɗai ke tuna stabos, sai kuma a karin magana da sunayen wurare.

Batun rubutu ba zan daɗe a kai ba. Ka yanke shekarar da suka fara rubutu da haruffan Latin, ka daskarar da ƙa'idar rubutun a nan, baki ya ci gaba da tafiya. Ingilishi ya sami injin ɗab'i a 1476 wasulansa na tsakiyar gocewa, shi ya sa ake rubuta knight da haruffan da ba mai furta su yau. In Tsibiranci ya fara rubutu a 1250, za su rubuta kining su karanta cining.

Ga aikin da zan ba ka. Ka samo kalma 100 na yau da kullum a siffarsu ta reshen yamma: sassan jiki, dangi, dabbobin gida, ƙidaya daga 1 zuwa 10, aikatau kamar ci da sha da zuwa da gani. Kowace doka ka rubuta ta a katinta da shekararta, ka jera katunan a tabarma, ka bi da kowace kalma ta kansu ɗaya bayan ɗaya da biro, kar ka tsallake ko da sakamakon bai yi maka kyau ba. Ka sa ido musamman a kan au, domin yanzu ƙofa uku take shigowa: tsohuwar au ta gado kamar a *braud, gurasa, da wadda ta fito daga ū kamar a haus, da wadda ta fito daga ag da ab kamar a dau da stau. Jamusanci ya bar tsohuwa da sabuwa sun haɗe a kalmomi da yawa, Baum da Haus wasali ɗaya suke da shi yau alhali da can daban suke. Ingilishi kuwa ya kawar da tsohuwar tun da wuri, shi ya sa bread da house ba su yi kama ba. In ka zaɓi kawarwa, ka sa kati tun wajen 550 mai cewa au ta koma ō, gurasa ta zama brōd, kuma ka tuna naso zai tarar da wannan sabuwar ō a 600, don haka ji, *haurjan, zai bi ta hōrjan da hȫran. In ka gama ɗari ɗin, ka turo mini goma da suka fi ba ka mamaki, tare da katunan a jere yadda ka bi da su.